Sabuwar Dokar Haraji: Albashinka, Rasit Ɗin Hayarka da Littafin Cinikinka



Kwanan baya na tsaya teburin mai shayi a unguwarmu, na tarar ana musu. Wani dattijo mai sayar da hatsi yana rantsuwa cewa zai kwashe kuɗinsa kaf daga banki ya mayar da su ƙarƙashin katifa, domin an gaya masa duk alat ɗin da ya shigo wayarsa gwamnati za ta yanki nata. Na tambaye shi wa ya gaya masa. Ya ce a waya ya ji, wani ne ya turo murya. To wannan muryar da ire-irenta su suka sa muka ware shirinmu na rediyo na yau domin sabuwar dokar haraji ta Najeriya, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026.

Ban ga laifin dattijon nan ba, don ruwa ba ya tsami banza. Kalmar haraji tana da tabo a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa akwai kuɗin ƙasa, akwai kuɗin karofi da marina ke biya, akwai jangali a kan shanu. Da Turawa suka zo suka ɗora nasu tsarin a kan wannan, aka kafa baitulmali, dagaci da mai unguwa suka zama masu bi gida gida. Iyayenmu suna ba da labarin magidancin da ke kwana a gona ko ya tafi cirani da wuri saboda ba shi da takardar haraji. Shi ya sa har gobe ake tuna Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna da soke haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979. Wancan haraji na kai ne, ko ka samu ko ba ka samu ba sai ka biya. Wanda muke magana a kansa yau ana lissafa shi ne a kan abin da ka samu. Amma fa abin da ka samu ɗin, wa zai faɗe shi? Idan kana da shi a rubuce, kai za ka faɗa. Idan ba ka da shi, jami'in haraji ne zai ƙiyasta maka. Ku riƙe wannan, za mu yi ta komowa kansa.

A taƙaice ga yadda aka zo nan. Shugaba Bola Tinubu ya kafa kwamitin gyaran haraji a 2023 ƙarƙashin Taiwo Oyedele. A watan Oktoban 2024 aka kai ƙudurori huɗu Majalisar Tarayya, kuma a watan ne gwamnonin Arewa suka zauna a Kaduna tare da sarakuna suka ce ba su yarda ba, musamman kan yadda za a raba kuɗin harajin kayayyaki da ake kira VAT. An ja, an sassauta, har shugaban ƙasa ya sa hannu ranar 26 ga Yunin 2025. Jan da aka yi bai tafi a banza ba. Ƙudurin farko ya so a riƙa ɗaga VAT har ya kai kashi 15 cikin 100, amma aka bar shi a kashi 7.5 da yake tun 2020. Kason Gwamnatin Tarayya a cikinsa ya sauka daga kashi 15 zuwa 10, na jihohi ya hau daga 50 zuwa 55, ƙananan hukumomi suna nan a 35. Hukumar haraji ta tarayya, FIRS, kuma ta koma NRS. Wannan rigimar manya ce, mu sauko kan aljihunmu.

Mu fara da ma'aikaci mai albashi. A sabon tsari, naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu ko sisi. Daga nan zuwa naira miliyan 3 ana cire kashi 15 cikin 100. Daga miliyan 3 zuwa miliyan 12 kashi 18 ne, daga nan zuwa miliyan 25 kashi 21, zuwa miliyan 50 kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25. A lura, hawa hawa ne kamar matakala. Wanda ya samu miliyan 4 ba a ɗora wa kuɗinsa duka kashi 18, miliyan ɗayan da ta hau kan ukun ita kaɗai ke ɗaukar wannan kason. Mai mafi ƙarancin albashi, wato naira 70,000 a wata, ba ya biyan komai.

Bari mu yi lissafi da alƙalami. A ce malamin makaranta ne ko ma'aikaciyar asibiti, albashi naira 250,000 a wata, wato miliyan 3 a shekara. A cire kuɗin fansho kashi 8, mu ɗauka a kan albashin duka ake cirewa, ya zama naira 240,000. Saura miliyan 2 da dubu 760. A tsohon tsari wannan ma'aikaci yana biyan wajen naira 310,000 a shekara. A sabon tsari zai biya 294,000. Sauƙi ne, amma ba irin wanda za a yi wa guɗa ba, musamman idan aka duba kuɗin buhun shinkafa.

To ga inda maganar ta fi daɗi. A da akwai wani rangwame da ake yi wa kowa kai tsaye, naira 200,000 da kuma kashi 20 na abin da ka samu, ba sai ka nuna wata takarda ba. An soke shi. A gurbinsa aka kawo rangwamen kuɗin haya: kashi 20 cikin 100 na hayar da kake biya a shekara za a cire daga kuɗin da ake lissafa maka haraji a kai, amma rangwamen ba zai wuce naira 500,000 ba. Malaminmu na ɗazu, idan yana biyan hayar naira 600,000, za a rage masa 120,000 daga lissafi, harajinsa ya sauko daga 294,000 zuwa 276,000. Ya tsira da naira 18,000. Kuɗin littattafan yaro ne na zango guda.

Sai dai wannan rangwame ba ya zuwa da kansa. Dole ka bayyana nawa kake biya, kuma hukuma na da damar neman shaida. A nan ne al'adarmu za ta ci karo da doka. Mu nan haya da baki ake yin ta. Ka je wurin Alhaji da dillali, a gaisa, a yi addu'a, ka miƙa kuɗi, a ba ka makulli. In ka ce a rubuta maka rasit sai a dube ka kamar ka zargi mutum da rashin amana. Alhali ko a addini an hore mu da rubuta mu'amalar kuɗi da kafa shaidu. Don haka ɗan haya, ka nemi rasit, ka nemi takardar yarjejeniya mai ɗauke da sunan mai gida da adireshin gidan da adadin kuɗin da tsawon lokacin. In ta banki ka tura, ka rubuta a wurin bayani cewa kuɗin haya ne, ka adana shaidar. Sannan ka kai wa ofishin biyan albashi na wurin aikinku, kada ka zauna jiran su tambaye ka.

Ni dai a ganina akwai inda wannan tsari ya bar mutanenmu a baya. Wanda ke zaune a gidan gado, ko wanda ya yi shekara goma yana ɗora bulo ɗaya ɗaya har ya rufa wa kansa asiri, ba shi da rabo a rangwamen haya, ga kuma tsohon rangwamen an ɗauke. Doka ta yarda a cire ruwan bashin gina gida na banki, amma mutum nawa ne a Gusau ko Azare suka gina gida da bashin banki? Tsari ne da ya fi dacewa da mazaunin Legas da Abuja. Abin da ya rage wa waɗanda ba 'yan haya ba shi ne su tabbatar an cire musu kuɗin fansho da na inshorar lafiya da na asusun gidaje na ƙasa kafin a yi lissafi, domin duka doka ta amince da su.

Yanzu mu juya ga masu gidaje. Alhaji, Hajiya, ku matso kusa da rediyo. Rasit ɗin nan da ɗan haya zai kai ofis yana da fuska biyu. Ta gefensa rangwame ne, ta gefenku kuma shaida ce cewa kuɗi kaza sun shiga hannunku. Harajin kuɗin haya ba sabon abu ba ne, ya daɗe a doka, kawai dai hukuma ba ta da idon ganinsa. Yanzu kowane ma'aikaci mai neman rangwame ya zama mata ido ba tare da ya yi niyya ba. Kada wannan ya sa ku hana rasit ko ku rubuta ƙasa da abin da kuka karɓa. In kun rubuta ƙasa, kun cuci ɗan haya, kun kuma sa hannu a kan ƙarya, alhali kuɗin ta banki suka bi.

Abin ma bai kai yadda ake tsoro ba. A ce Hajiya tana da shaguna huɗu, kowanne naira 300,000 a shekara, jimilla miliyan 1 da dubu 200. A cikin shekarar ta kashe 200,000 wajen gyaran kwano da yashe masai da fenti. Doka ta yarda a cire abin da aka kashe domin gyaran abin da ke kawo kuɗin. Saura miliyan ɗaya. In ba ta da wata hanyar samu, a cire 800,000 da ba a taɓawa, saura 200,000, kashi 15 ɗinsu naira 30,000 ke nan a shekara. In kuwa tana da albashi ko wani kasuwanci, haɗa su ake yi a lissafa gaba ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, gaskiya ne, amma jami'in haraji bai kwana a ɗakin ba. Sai ya ga rasit ɗin kwano da ƙusa, da ɗan rubutun da kafinta da birkila suka sa wa hannu, sannan zai yarda an yi gyara.

Akwai kuma abin da ke yawan haɗa masu gida faɗa da kamfanoni. Idan wanda ya kama hayar gininka kamfani ne ko banki ko wata hukuma, doka ta ɗora masa ya cire kashi 10 cikin 100 ya aika wa hukumar haraji da sunanka. Hayar miliyan 2, sai ka ga miliyan 1 da dubu 800. Ba cuta ba ce, kafin alƙalami ne na harajinka. Abin da ya kamata ka matsa a kai shi ne a ba ka takardar shaidar an biya da sunanka da lambarka, domin a ƙarshen shekara a rage maka. Wanda bai karɓi takardar ba yana iya biya sau biyu. Ɗan haya na gidan zama, mutum ɗaya da iyalinsa, ba ya cire wannan kaso, kuma babu VAT a kan hayar gida. Duk dillalin da ya ce ka ƙara kashi 7.5 a kan hayar ɗakinka, ka tambaye shi aljihun wa za su shiga.

Maganar gado kuwa, da aka yi ta yayatawa lokacin da ƙudurin ke majalisa, dokar da aka sa wa hannu ba ta ɗora haraji a kan rabon gado ba. Amma idan gidan da kuka gada kuka zuba 'yan haya, kuɗin hayar samu ne, ana lissafa shi. Haka nan wanda ya sayi fili ya sayar da riba: a da kashi 10 ne a kan ribar, yanzu ana bin ta da matakalar nan da muka karanta. Masu harkar filaye, takardar da ke nuna nawa kuka saya ita za ta raba uwar kuɗi da riba.

Sai 'yan kasuwa, kuma a nan ne na fi jin ana ruɗa mutane. An yi ta shela cewa ƙananan kamfanoni ba za su biya haraji ba. Haka ne. A da kamfanin da cinikinsa bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba shi ke da wannan sauƙi, yanzu an ɗaga iyakar, da sharaɗin kadarorinsa ba su wuce miliyan 250 ba. Ba ya biyan harajin kamfani na kashi 30, ba ya biyan sabon harajin raya ƙasa na kashi 4. An dai cire masu aikin ƙwarewa irin su lauyoyi da akantoci daga wannan sauƙi. To amma kalmar kamfani a nan tana nufin wanda aka yi wa rajistar kamfani sosai a hukumar CAC. Mai shago a Kantin Kwari ko Singa, mai awo a Dawanau, tela, mai POS, mai gidan burodi, in sunan kasuwanci kawai ya yi wa rajista ko bai yi komai ba, a idon doka shi da shagonsa abu ɗaya ne. Harajinsa na mutum ne, matakalar ma'aikaci ita ce tasa, kuma hukumar tattara kuɗin shiga ta jiharsa ce ke karɓa, kamar KIRS a Kano ko KADIRS a Kaduna. Shi kuma ƙaramin kamfanin, yafe masa biya bai yafe masa kai bayanin shekara ba.

Mu koma kan dattijonmu mai hatsi. A ce kuɗin da suka ratsa asusunsa a shekara miliyan 20 ne. A ciki akwai uwar kuɗi, akwai kuɗin mota da na 'yan dako da na buhu da hayar rumfa, akwai ma kuɗin ƙaninsa da ya turo a saya masa masara, da gudummawar bikin 'yarsa. Ribarsa ta gaskiya miliyan 2 ce. Harajinsa kashi 15 na miliyan 1 da dubu 200, wato naira 180,000. Kyauta da gudummawa da ajiya ba samu ba ne, ba a biya musu haraji. Babu kuma wata na'ura da ke zaune tana yankar kowane alat. Abin da ake cirewa shi ne naira 50 ɗin nan a kan tura kuɗi daga naira 10,000 zuwa sama, wadda a da mai karɓa ke biya, yanzu ta koma kan mai turawa. Amma ranar da aka kira shi ofis aka ajiye masa miliyan 20 a gaba, da me zai nuna cewa miliyan 18 ba riba ba ne? Doka ta ba hukuma damar yin ƙiyasi ga wanda ba shi da lissafi a rubuce, ƙiyasi kuwa ba ya tausayin mai shi.

Maganin ba shi da tsada. Littafi mai bango mai ƙarfi, da biro, da yaron shago ko ɗanka ɗan sakandare. Shafi ɗaya abin da aka saro, shafi ɗaya abin da aka sayar, shafi ɗaya abin da aka kashe. Da boko ko da ajami, duk rubutu ne. Sannan a raba asusu biyu, na kasuwa daban, na cefane da zumunci daban. Abin ma ba baƙo ba ne a wurinmu, domin ɗan kasuwar kirki duk shekara yana ƙidaya kayansa da basukansa don fitar da zakka. Lissafin biyu ba ɗaya ba ne, zakka tana kan dukiyar da ta kai nisabi ta shekara, haraji yana kan riba, amma littafi ɗaya zai yi wa duka biyun aiki.

Batun lambar haraji kuma, kada wani ya karɓi kuɗinku da sunan zai yi muku hanya. Ga mutum, lambar NIN ita ce tushen lambar harajinsa, ga kamfani kuma lambar rajistarsa ta CAC. Wanda ya wajaba ya yi rajista ya ƙi, tarar naira 50,000 ce a watan farko, sannan 25,000 duk watan da ya biyo baya. Wanda bai kai bayanin shekara ba, 100,000 a watan farko, 50,000 kowane wata bayan nan. Ku duba fa, Hajiyar nan mai shaguna harajinta 30,000 ne, amma tarar wata ɗaya ta ninka shi fiye da sau uku.

Ba zan rufe ba sai na juya ga hukuma, don kada a ce mun zo yi wa gwamnati talla. Abin da ya fi ci wa ƙaramin ɗan kasuwa tuwo a ƙwarya ba harajin riba ba ne. Tikiti ne na safe da na yamma, kuɗin tsafta, kuɗin allo, kuɗin rumfa, da igiyoyin da ake gindaya wa motar albasa ko ta shanu tun daga Arewa har Kudu, wanda a ƙarshe mai saye ke biya. Kwamitin Oyedele da kansa ya ce harajin da ake karɓa a ƙasar nan ya haura kala 60, kuma burinsa a mayar da su ƙasa da goma. Yawancin waɗannan na jihohi ne da ƙananan hukumomi, sai majalisun jihohi sun gyara nasu dokokin sannan mai tebur a bakin kasuwa zai ji canji. Kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Jihar da kasonta na VAT ya ƙaru, ta kuma zo tana neman littafin mai shago, ita ma ta buɗe nata littafin a ga inda kuɗin suka shiga, a asibiti da makaranta da kwalbati. Sabuwar dokar ta kafa ofishin sauraron koken masu biyan haraji, kuma duk wanda aka yi wa ƙiyasin da bai yarda da shi ba yana da damar ƙalubalanta a rubuce. Kada a biya kowa kuɗi a hannu ba rasit na hukuma.

Ranar 31 ga Maris ta kowace shekara ita ce wa'adin da mutum zai kai bayanin abin da ya samu a shekarar da ta gabata, masu ɗaukar ma'aikata kuma nasu wa'adin 31 ga Janairu ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan haya, in ka tashi daga sauraron shirin nan ka je ka gaida mai gidanka ka roƙi rasit. Alhaji mai gida, ka ba shi, ka ajiye kwafi. Mai shago, ka aiki yaro ya sayo littafin nan yau. Wanda lissafinsa ya yi nauyi kuma ya taka zuwa ofishin haraji na jiharsa ya yi tambaya da bakinsa.